Bargon ƙyallaye: daga buhun tela zuwa kan gado

Ina da shekara tara kakata ta fara miƙa mini allura. Ba wata baiwa ta hango a jikina ba, so take in daina hana ta sakat. Ƙanen babana tela ne, kekensa na zaure, kuma duk yamma idan ya share guntayen yadi sai ta aike ni in kwaso kafin su kai bola. Da su take haɗa shimfiɗar jarirai, duk wadda ta haihu a gidan sai ta samu nata. Daga baya na taɓa kaɗi da mazari, na yi saƙar kwarashi da ta kibiya, na yi shekaru ina ɗinkin hula, amma duk inda na zaga sai na dawo kan ƙyalle. Yau fiye da shekara arba'in ke nan, akwai buhu biyu a ƙarƙashin gadona da babu mai taɓa su sai ni.

Bargon ƙyallaye hawa uku ne. Akwai fuska, wato guntayen da aka harhaɗa. Akwai ciko a tsakiya, shi ke riƙe ɗumi. Akwai shafi a baya. Sai ɗinkin da ke ratsa ukun ya haɗe su wuri guda, wanda ni danni nake ce masa. Wadda ta taɓa tsayawa kallon hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau ta riga ta ga wannan dabara a jikin 'yan lifidi: yadi sama, yadi ƙasa, auduga a tsakiya, an bi an danne da ɗinki har kibiya ta kasa ratsawa da sauƙi. Haɗa ƙyalle ma tsohon abu ne. Mabiya Mahadi a Sudan, bayan 1881, da jibba mai faci aka san su. Matan Bengal suna jera tsofaffin zannuwansu su bi su da ƙananan ɗinki, suna kiran abin kanta. A Amurka kuwa, wani ƙauyen baƙaƙen fata da ake kira Gee's Bend a jihar Alabama, matansa sun yi zuriya bayan zuriya suna ɗinka barguna da tsofaffin kayan gona don sanyi kawai, sai ga shi a 2002 an rataye su a gidan adana zane-zane na Houston, a 2006 kuma hotunansu suka hau kan sarki na gidan waya.

Abin da za mu ɗinka a nan mai faɗin inci 48 ne da tsawon inci 60. Ya ishi yaro rufa, ya ishi babba ya yafa da asuba lokacin hunturu. Na san zuciya za ta ce miki ki fara da na gado shida da shida. Kada ki biye mata. Nawa na farko na gado shida da shida, sai da ya shekara huɗu a cikin akwati. (Ina cewa "ki" ne don mata na saba koyarwa. Maza kuma, ai ku ne telolin, ba a hana ku ba.)

Tara ƙyalle da tantance shi

Ki samu tela biyu ko uku ki yi musu magana su riƙa ajiye miki. Makonni uku kafin sallah shi ne kakar abin, lokacin da shago ke cika har ba wurin taka ƙafa. Wasu kyauta za su ba ki, wasu sai kin sa musu ɗan wani abu, tunda masu cusa matashi ma suna nema. Telan mata ya fi amfani gare ki, don atamfa ce uwar wannan aiki.

Idan kin zazzage buhun a tabarma, aiki na farko shi ne rarrabewa. Leshi gefe, ba ya shiga. Duk yadin da ke miƙewa idan an ja shi, gefe. Mai santsi irin na shafin riga, gefe. Abin da kike nema shi ne auduga mai nauyi kusan ɗaya: atamfa, zawwati, yadin rigunan maza na auduga, shaddar da ta sha wanki ta yi laushi. Sabuwar shadda mai maiƙo tana da taurin kai, allura na barin huda a jikinta, ki bar ta sai hannunki ya faɗa.

Kasuwa yanzu ta cika da atamfar roba, kuma ido kaɗai ba ya rabe ta. Ki yanki ɗan ƙaramin gefe ki kusantar da shi ga ashana a kan faranti. Auduga tana ci da wuta kamar takarda, da warin takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa. Roba tana ƙanƙancewa ta narke, ta bar ɗan baƙin dunƙule mai tauri. Ban ce roba haramun ba ce, amma kada ki gwama ta da auduga a bargo ɗaya. Zafin dutsen gugar da auduga ke so shi ke ƙona roba, kuma idan an wanke ɗaya ta tsuke ɗaya ta tsaya yadda take, sai bargon ya yi ta tattarewa.

Sannan wanki. Kowane ƙyalle sai an wanke shi kafin almakashi ya taɓa shi, don ya gama tsukewar da zai yi, sitacin kamfani ya fita, mai zuba kuma ya tona kansa. Ki jiƙa masu duhu daban a ruwan ɗumi. Wanda kike zargi, ki matse shi ki goga a farin ƙyalle. In ya bar launi ki sake wankewa, in ya kai wanki uku bai daina ba ki haƙura da shi komai kyansa. Ja da shuɗin baba su ne manyan masu laifi. Za ki ji ana cewa a jiƙa da gishiri, ni dai na gwada ban ga ya hana komai ba. Akwai bargon da na yi wata biyar a kansa don haihuwar ƙanwata, na sa wani jan yadi guda shida kacal ban gwada ba. Wankin farko fararen duk suka koma ruwan hoda. Ta karɓa ta yi godiya, ta ce ai haka ma ya fi kyau. Allah Ya saka mata, amma ni na san abin da na gani.

Ki shanya a inuwa, ki goge tun da sauran danshi.

Kayan aiki ba su da yawa: almakashi mai kaifi wanda ba a yanka takarda da shi, tef, rula, alli ko fensir, fil mai yawa, fil mai makulli kamar 150 idan za ki samu, dutsen guga, zare, allurai, da kwali mai tauri. Keken ɗinki na ƙafa, Butterfly ko tsohuwar Singer, ya wadatar, tunda miƙaƙƙen ɗinki kawai ake buƙata. Wadda ba ta da keke ma za ta iya da hannu, lokaci ne kawai zai ƙaru. Akwai wata wuƙa mai kamar taya da kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979, tana yanka hawa huɗu a tashi ɗaya a kan tabarmarta ta musamman. Tana da daɗin aiki, amma kakata ta rasu ba ta taɓa ganinta ba, kuma kusurwoyinta sun fi nawa haɗuwa.

Duhu da haske

Sabuwar shiga launi take kallo: wannan kore ne, wancan ruwan goro ne, za su dace? Atamfa kuwa kowace ɗaya launi biyar ce, in kika tsaya wannan lissafi ba za ki tashi ba. Abin da ke fitar da zane a bargo shi ne duhu da haske. Ki kasa ƙyallayenki kashi biyu kawai, masu duhu da masu haske. Wanda ya rikita ki, ki ajiye shi tsakanin tsibin biyu, ki ja da baya ki ƙanƙance ido, za ki ga inda ya karkata. Ko ki ɗauki hotonsu da waya ki mai da hoton baƙi da fari, nan take gaskiya ke fitowa. Sau da yawa jan da kike ɗauka mai haske ne sai ki gan shi baƙi ƙirin.

Buhun tela kusan kullum masu duhu sun fi yawa. Shawarata ga bargon farko ita ce ki bar atamfofi su zama ɓangaren duhu, ki sayi yadi guda mara zane, fari ko ruwan madara ko ruwan toka mai haske, ya zama ɓangaren haske. Yadi ɗaya da rabi ya isa. Wannan farin shi ke ba ido wurin hutawa. Idan babu shi atamfofin sai su yi ta hayaniya kamar kishiyoyi a tsakar gida ɗaya.

Yanka

Ki yanki kwali murabba'i, inci 4 da rabi kowane gefe. Ki gwada shi da kusurwar littafi ki tabbatar bai karkace ba, sannan ki auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu, dole su zo daidai. Ki yi irinsa uku ko huɗu, don gefen kwali yana cinyewa da gogar fensir, bayan zane hamsin ya fara ƙanƙancewa ba ki sani ba.

Ɗora kwalin a bayan yadi, gefensa ya bi tafiyar zaren saƙa, ko tsaye ko kwance. Idan kika yanka a karkace, ƙyallen zai riƙa miƙewa a hannunki kamar danƙo. Ki zana da fensir mai tsini, ki yanka a kan layin. Bakin zane, wurin da ake rubuta sunan kamfani, ki cire shi, saƙarsa ta fi tauri.

Kina buƙatar 180: masu duhu 90, masu haske 90. Ki ƙara goma a kowane ɓangare saboda ɓarna. Kada ki ce sai kin gama a zama ɗaya. Almakashi na sa kanta a yatsa, kuma gajiyayyen hannu ba ya bin layi. Talatin a rana, cikin mako kin gama.

Kwata inci

Nan ne zan daɗe, don nan ne yawancin barguna ke lalacewa tun ba a san an fara lalata su ba. Tela mai ɗinka riga yana barin rabin inci ko fiye a ciki, in ya ɗan kauce ba wanda zai gane. Haɗin ƙyalle ba haka yake ba. Kwata inci ake bari, kuma kwata ɗin nan sai ya zama ɗaya daga ɗinkin farko har na ƙarshe. Shi ya sa muka yanka 4 da rabi: kwata ta tafi dama, kwata ta tafi hagu, 4 cif ta rage a fuska.

Ga lissafin. A faɗin bargonmu ƙyalle 12 ne a jere, mahaɗa 11 ke nan. Idan kowace mahaɗa ta cinye ƙarin kashi ɗaya cikin takwas na inci, abin da ido ba ya ma lura da shi, layin zai gajarce da kusan inci ɗaya da rabi. Layin da ke ƙasansa kuma wataƙila kin ɗinka shi ranar da hankalinki ke kwance, ya fito daidai. Ki zo haɗa su, ɗaya ya fi ɗaya, ki ja, ki tattare, bargo ya tashi da tumbi.

Maganin abin mai sauƙi ne. Ki sauke allurar keke, ki auna kwata inci daga allurar zuwa dama, ki manna salatif hawa uku ko huɗu a kan farantin keken, ya zama ɗan tudu. Gefen yadi zai riƙa bin tudun nan. Sai ki gwada: ki haɗa ƙyalle uku a jere, ki goge, ki auna. Inci 12 da rabi ya kamata ki gani, na tsakiyar kuma 4 daidai. In bai kai ba ki matso da salatif ɗin kusa da allura kaɗan, in ya wuce ki matsar. Kada ki fara aikin gaske sai wannan awo ya fito. Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta.

Allurar keke lamba 14 ta yi, ɗinki kamar 12 a kowane inci. Zare kuma ruwan toka ki sa sama da cikin kwarkwaro, yana ɓacewa a cikin kowane launi, ba sai kin yi ta canzawa ba. Mai ɗinkin hannu ta ja layin kwata inci da fensir a bayan kowane ƙyalle, ta bi shi da ƙananan ɗinki, duk bayan huɗu ko biyar ta koma baya sau ɗaya don ƙarfi.

Gida tara

Ba a haɗa 180 a tafi ɗaya. Gida-gida ake yi, kowane gida ƙyalle tara, uku sau uku. A Amurka ta ƙarni na 19 da wannan gidan ake fara koya wa yara mata, kuma har yau ban ga wanda ya fi shi dacewa da mai koyo ba. Za ki yi gida 20, iri biyu. Goma masu duhu biyar da haske huɗu, duhu a kusurwoyi huɗu da tsakiya. Goma kuma akasin haka. Idan aka jera su ɗaya bayan ɗaya, bargon duka zai fito kamar allon dara, duhu ba ya taɓa duhu sai ta kusurwa.

Ki jera taran a kan faifai ko tire kusa da keke. Ki kifa na biyu a kan na farko, fuska da fuska, ki ɗinka. Ki ƙara na uku. Layi ɗaya ke nan. Haka na biyu da na uku. Idan kina son sauri, kada ki yanke zare tsakanin ɗinki da ɗinki, ki tura na gaba kawai, su fito a sarƙe kamar tutocin bikin makaranta, daga baya ki rarraba.

Yanzu guga. Ba a buɗe bakin ɗinkin nan biyu yadda tela ke yi, gefe ɗaya ake kwantar da shi, wajen ƙyalle mai duhu, don kada inuwarsa ta fito ta cikin fari. Kuma ba gugar wanki ba ce ta kai da komo. Ɗora dutsen za ki yi, ki danna, ki ɗaga. In kika ja, murabba'i ya zama wani abu daban. Mai dutsen gawayi ta shimfiɗa farin ƙyalle a sama, tartsatsi ɗaya ya isa ya huda aikin mako.

Ga daɗin kwantarwa wajen duhu: tunda duhu da haske musanya suke yi, a gida mai duhu a kusurwa bakin ɗinkin layi na farko zai kalli waje, na layi na biyu ya kalli ciki, a ɗaya irin kuma akasin haka. Idan kika kifa layi a kan layi, tudun wannan zai tokari tudun wancan su kulle. Ki murza da yatsa za ki ji sun zauna, babu rami babu hawa. Ki soka fil a daidai nan, ki ɗinka. Ki buɗe ki ga kusurwoyi huɗu sun haɗu a ɗigo ɗaya. Na yi wannan sau dubbai, har yau idan na buɗe sai na ɗan yi murmushi ni kaɗai.

Kowane gida ki auna shi, 12 da rabi ta kowane gefe. Wanda ya kauce da ɗan kaɗan ki bar shi, yadi na da haƙuri. Wanda ya kauce da kwata ko fiye ki farke. Mahaɗar layukan gidan kuma, ki kwantar da su waje a gidaje iri na farko, ciki a iri na biyu, don su ma su kulle idan an zo haɗa gida da gida.

Idan ashirin sun cika, ki share ɗaki ki jera su a ƙasa, huɗu a faɗi, biyar a tsawo. Ki hau kujera ki duba. Za ki ga inda ja ya taru wuri ɗaya, ko wata atamfa ta maimaitu kusa da kusa. Ki yi ta musanyawa har ranki ya kwanta, ki ɗauki hoto, don yaro ɗaya ya ratsa ɗakin da gudu shi ke nan. Sai ki haɗa gidaje huɗu-huɗu su zama layi biyar, ki haɗa layukan, fil a kowace mahaɗa. Ki goge fuskar duka, ki tsince zaruruwan baya.

Ciko da shafi

Shafi ya fi fuska girma da inci 4 ta kowane gefe, wato 56 da 68, saboda danni yana jan yadi. Faɗin atamfa bai wuce inci 45 zuwa 48 ba, don haka sai an haɗa biyu: ki yanki tsawon inci 56 sau biyu, yadi uku da kwata ke nan, ki cire bakin zane ki haɗa su gefe da gefe, ki rage abin da ya yi yawa. Zanin gado na auduga da ya ɗan sha jiki ma ya yi, ya fi ma laushi ga allura.

Ciko kuwa, ki duba garin da za a rufa da shi. Faiba mara kauri, irin wadda masu ɗinka zannuwan gado ke saya a Kantin Kwari da sauran manyan kasuwanni, ba ta da nauyi kuma tana saurin bushewa, ta dace da sanyin Jos ko tsakiyar hunturu. Ni na fi son tsohon bargo mara kauri ko tsofaffin zannuwa biyu a jere, irin na matan Bengal, don bargon yana kwanciya a jiki kuma ana morarsa har bayan sanyi. Abu biyu ne zan hana ki. Soso, don na taɓa sawa, bayan shekara biyu ya zama gari yana zubowa ta ɗinki. Da audugar rimi a sake, don wanki ɗaya za ta dunƙule a kusurwa. Ta lifidi ta zauna ne saboda ɗinkin ya matse ta ƙwarai, kuma ba kowane mako ake jiƙa lifidi ba.

Ki shimfiɗa shafi a kan siminti mai tsabta, fuskarsa na kallon ƙasa. Ki miƙar da shi ki manne gefuna da salatif ko ki danne da duwatsu, ya miƙe amma kada ya ɗame. Ciko a kai. Fuska a sama tana kallonki. Ki shafe da tafin hannu daga tsakiya zuwa waje. Sai ki bi da fil mai makulli, daga tsakiya nan ma, ɗaya a tsakiyar kowane ƙyalle ko kusa da haka, ya ratsa hawa ukun. In babu fil, ki yi dogon ɗinki na wucin gadi da farin zare, layi-layi, tazarar faɗin tafin hannu. Wannan mataki gwiwa da baya ke biyan kuɗinsa, kuma shi aka fi ha'inta. Ki kira 'yar'uwa ta taya ki. Kafin ki ɗaga, ki leƙa baya ki tabbatar shafin bai naɗe ba.

Danni

Hanya mafi sauri ita ce ɗauri. Ki zura zaren ulu ko zaren hula mai kauri a babbar allura, a kowace mahaɗar kusurwa huɗu ki soka ƙasa ki fito kusa, ki sake zagayawa sau ɗaya, ki ƙulla ƙulli biyu, ki yanke ki bar jela kamar inci ɗaya. Yini biyu kin gama. Sai dai in jariri ne zai kwanta a kai, ki bar wannan hanya, yatsunsa da bakinsa ba sa barin jela.

Da keke ma ana yi, miƙaƙƙun layuka daga tsakiya zuwa waje, a ƙara tsawon ɗinki, a naɗe rabin bargon ya shiga hammatar keken. Keken gida yana tura na ƙasa fiye da na sama, don haka ki sassauta dannewar ƙafar, ki tafi a hankali, hannu biyu na baje yadin.

Amma ni da hannu nake yi, kuma nan ne duk daɗin yake. Ki ɗauki rula da alli ki ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa ta cikin fararen ƙyallaye, ta ɓangarorin biyu. Allura gajeriya, lamba 8 ko 9. Zare kamu ɗaya, daga yatsa zuwa gwiwar hannu, in ya fi haka sarƙewa zai yi. Ki ja shi a kan kakin zuma sau biyu. Ki yi ɗan ƙaramin ƙulli, ki soka allura ta fuska kamar inci ɗaya daga inda za ki fara, ta bi ta cikin ciko ba tare da ta fita baya ba, ta ɓullo a kan layi. Ki ɗan fizga, za ki ji ƙullin ya yi "ɗas" ya shige ciki ya ɓuya. Haka ake farawa, haka ake ƙarewa, ba a ganin ƙulli ko ta ina.

Hannun hagu yana ƙasa, ɗan yatsa na jiran tsinin allura. Da ya ji ta, sai ki kwantar da ita ki turo sama. Shiga, fita, shiga, fita, ki ɗora biyu ko uku a kan allurar sannan ki ja. Yatsan tsakiya na dama shi ke turawa, ki sa masa 'yar hular ƙarfe ko ki naɗa fata. Na ƙasan kuwa sai ya sha suka kafin ya yi kanta, in jini ya ɗiga ki goge nan take da ruwan sanyi. Kada ƙanƙantar ɗinki ta dame ki. Huɗu ko biyar a inci, in dai sun yi tsawo ɗaya, sun fi goma masu hawa da sauka. Daga tsakiya ki nufi gefe kullum, kina cire fil yayin da kika iso shi. Awa ɗaya bayan la'asar, wata ɗaya zuwa biyu ya ƙare. Kada ki yi da daddare da hasken tocila, na yi, da safe na farke.

Baki

Ki daidaita gefuna da rula. Mai gaggawa ta yanke ciko daidai da fuska, ta bar shafi ya wuce da inci ɗaya, ta kalmasa shi rabi, ta sake kalmasowa kan fuska ta danne da ɗinki. Ya yi, amma baki shi ke fara cinyewa a bargo, kuma wannan hawa ɗaya ne.

Mai ƙarko shi ne na daban. Kewayen bargon inci 216 ne, ki ƙara 12. Daga rabin yadi ki yanki tsiri shida masu faɗin inci 2 da rabi, ki haɗa su su zama igiya ɗaya, haɗin a karkace don kada ya yi tudu. Ki ninka ta biyu a tsawonta, baya da baya, ki goge. Ki yanke hawa ukun bargon daidai da juna. Ki fara daga tsakiyar wani gefe, ɗanyen bakin igiyar a kan ɗanyen bakin fuska, ki bar jelar inci 6 ba ɗinki, ki tafi da kwata inci. Idan saura kwata ki kai kusurwa, ki tsaya ki ƙulle ɗinkin, ki fitar da bargon. Ki ɗaga igiyar sama ta miƙe da gefen da za ki shiga, ninkin ya yi karkace, sannan ki sauko da ita ta kwanta a kan sabon gefen, ninkin sama daidai da bakin da kika baro. Ki ci gaba da ɗinki daga can sama. Idan kin zagayo, ki kalmasa bakin jelar farko, ki cusa ta ƙarshe a cikinta, ki rufe.

Sai ki juya igiyar zuwa baya ta rufe layin keken, ki kama ta da ƙananan ɗinkin hannu da ba sa fitowa ta fuska. Kusurwoyin da kansu za su naɗe su yi tsini.

A wata kusurwa ta baya ki ɗinka shekara da sunan wanda aka yi wa, da zaren hula. Na kakata babu ko ɗaya mai shekara, yanzu mu jikoki sai gardama muke yi kan wanne aka yi wa wa. Wankin farko da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, a babban baho, a matsa da tafin hannu ba a murɗe ba. Ki shanya shi a inuwa a kan igiya biyu ko uku don nauyin ruwa kada ya tsinka ɗinki. Idan ya bushe za ki ga ya ɗan yamutse a tsakanin layukan danni. Kada ki kai masa dutsen guga, haka ake son sa.